Ganin Gidan Inna Dudu

Murjanatu tana durƙushe a rumfarta a kasuwar Wara, ta danne kwalin kifin banda da gwiwa tana ɗaure shi, waya maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa. Ranar kasuwa ce, masu lodin kifi zuwa kudu kuwa ba su san wani abu wai shi jira ba. Amma komai cikar kasuwa ba ta barin azahar ta wuce ba ta kira gida ba, domin ta bar mahaifiyarta, Inna Dudu, a hannun sabuwar mai kula da ita, wadda ko wata ba ta cika ba.

"Jummai, ta sha maganin hawan jinin?"

"Ta sha, Yaya, tun da hantsi. Hura ma ta shanye ta tas." Daga jin muryar Jummai ka san yau yabo take jira. "Ko gardamar wanka ba mu yi ba. Ita da kanta tac ce in kai mata ruwa, ta ɗauko zanenta na ƙasan akwati, ni kau na ɗaura mata kallabi."

"Madalla. Ba ta wayar in gaishe ta."

"Ai ta hita. Ta ce za ta ganin gida."

Igiyar ta suɓuce daga hannun Murjanatu. Kwalin ya wage baki, kifi ya zubo ƙasa, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Mi tac ce? Sake hwaɗa mani yadda tac ce."

"Ta ce ta daɗe ba ta je ganin gida ba. Na raka ta har kwanar masallaci, tac ce in koma, ta san hanya. Ba gidan Yaya Sufyanu ba ne? Ga shi nan kusa, ai mun sha zuwa tare."

"Tun yaushe?"

"Kahin rana ta yi tsaka. Yaya, lahiya?"

"Ki bar duk abin da kike yi, ki ruga gidan Sufyanu. In ba ta nan ki wuce bakin ruwa. In kin gan ta ki riƙe ta da hannu biyu, ko za ta cije ki."

Ta kashe, ta lalubo lambar yayanta Sufyanu. Sufyanu jirgin inji gare shi, ranar kasuwa yana jigilar mutane daga ƙauyukan gaɓa. Da ya ɗauka kalma ɗaya ta ishe shi. Bai tambaye ta komai ba, ya ce zai sauke mutanen da ke ciki ya biyo ta ruwa, su haɗu a mashigin ƙauye. Murjanatu ta jefa wa maƙwabciyar rumfarta amanar kifin, ta tsayar da ɗan kabu-kabu, ta hau ba tare da ta yi ciniki ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara kasuwa.

A Sabon Gungu, ƙauyensu, duk wanda ya ce gida to gidan da yake kwana yake nufi, ban da Inna Dudu. Ita a tsibiri aka haife ta, Gungun Kirya, can tsakiyar kogi. Tana amarya ɗanya aka datse ruwa a Kainji, aka kwashe su da tukwanensu da awakinsu aka zuba su a ɗakunan siminti a kan tudu, ruwa kuma ya hau ya shafe gungun da gonakin albasarsa da kaburburansa. Fiye da shekara hamsin ta yi a kan tudu, ta haifi 'ya'ya, ta aurar, ta binne mijinta Malam Zaidu, ba a taɓa jin ta yi kukan gungu ba. Sai bayan rasuwar Malam, da tsufa ya fara kwance mata kai, ta soma manta abin da ta ci da safe, tana tuna sunan kowace akuya ta gidan ubanta. Daga nan gida ya koma wuri ɗaya tak a bakinta, kuma wurin yana ƙarƙashin ruwa.

Jiki kuwa ba abin da ya same shi. Tsohuwar da ta tashi da filafilin tuƙin jirgi a hannu tun kafin ta iya ɗaura zane, har yau damtsenta ya fi na Murjanatu ƙwari. Bara, daidai wannan lokaci na farkon damina da tafkin yake janyewa, Sufyanu ya tarar da ita tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙugu tana kwance kwalekwalen wani. Suka dawo da ita, suka rufe maganar. Ga mutanen gari hawan jini ne ke damun Inna, shi ke nan.

Mai kula ta farko, Zulai, ita aka gaya wa gaskiya. Maganin da ta samo wa abin shi ne kwaɗon kulle ƙofa. Murjanatu na fita kasuwa sai ta garƙame tsohuwa a ɗaki ta tafi yawonta. Ranar da asirin ya tonu, Murjanatu ta dawo da wuri ta sami Inna zaune cikin fitsarinta, bayan hannuwanta sun kumbura don dukan ƙyaure. Ba nan kaɗai Zulai ta tsaya ba, ashe ta riga ta baza a bakin famfo cewa mutanen ruwa ne suke kiran tsohuwar. Murjanatu ta kore ta a ranar, ta cire kwaɗon ta wurga shi bayan katanga. Saboda haka da aka kawo Jummai, bazawara mai sanyin hali da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyensu can gabas, Murjanatu ta zaunar da ita ta karanta mata komai: magani, wanka, tuwo mai laushi, ban da gishiri da yawa. Ta ƙara da kashedi, har tana nuna ta da yatsa, cewa kada ta kuskura ta kulle mata uwa, kada ta tilasta ta, abin da take so a bar ta ta yi. Abu ɗaya ta haɗiye, wato inda Inna take nufi in ta ce gida, don ba ta son ya sake zagawa bakin famfo. Shi ne yanzu yake cin ta a bayan mashin.

"Ƙara wuta, ɗan'uwa," ta ce.

"Hajiya, hanyag ga ba ta son gudu. Kuma dubi gabas."

Ta riga ta duba. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga bayan gonakin shinkafa, iska ta ɗauke cak, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Duk ɗan bakin ruwa ya san wannan shirun, in ya sauka masu jirage gaɓa suke nema. Murjanatu ta soma addu'a, sai ta ga ta kasa haɗa ta, kalmomin suna watsewa. Ba abin da ke fita daga bakinta sai ya Allah, ya Allah.

Ƙauyen fayau yake, ranar kasuwa ta kwashe duk mai ƙafa. Ba ta ko tsaya gidan Sufyanu ba, don ta hango ƙofarsa a rufe, matarsa ma tana Wara. Ɗan kabu-kabun ya sauke ta inda yashi ya ƙare, ta tattare zane ta sheƙa. Ruwa ya ja baya sosai bana, tsakanin tsohuwar gaɓa da sabuwa fili ne na taɓo busasshe mai tsattsagewa. Can ƙarshensa ta hango Jummai tsaye ita kaɗai, bargo a kafaɗa, ta ɗora hannu biyu a ka.

Jummai ta nuna mata ƙasa. Silifas ɗin Inna ne, an jera su daidai wa daida a bakin ruwa, hancinsu yana kallon tafki, yadda mace take tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin surukai ko na iyaye. Kusa da su ga turken da ake ɗaure ƙaramin kwalekwalen maƙwabcinsu, ga shatin da cikinsa ya bari a taɓo, babu kwalekwale.

Murjanatu ta durƙusa a kan taɓon. Tsoron da ya kama ta ba irin na ihu ba ne. Ta taɓa ganin wanda aka tsamo bayan kwana uku. Ta runtse ido don kada ta ga fuskar Inna a haka, sai ta gan ta sosai.

"Yaya," in ji Jummai da ƙyar, "ina ne gidan?"

Murjanatu ta ɗaga hannu ta nuna tsakiyar ruwa.

Jummai ta bi hannun da kallo. Ruwa ne iyakar ganinta, toka-toka, sai wasu baƙaƙen abubuwa can nesa kamar kawunan mutane. Ta daɗe tana kallo kafin abin ya shige ta.

"Ba ki hwaɗa mani ba," ta ce a hankali. Ba da tsiwa ta faɗe shi ba, kuma da ma da tsiwar ne, da Murjanatu ta sami abin kamawa. "Ni da tac ce gida, wallahi daɗi na ji mata. Mu ma muna da gida, Yaya, ba mu iya zuwa. Da na ga mutum ya yi kwalliya za shi nashi, sai na ji ban iya tare shi."

Ƙarar inji ta katse su. Jirgin Sufyanu ya yanko kwana da gudu, ya sako hanci cikin taɓo. Sufyanu ƙato ne mai saurin fushi, yau kuwa fuskarsa ta yi fari kamar an shafa mata toka. Ya dubi silifas, ya dubi turken, ya dubi ƙanwarsa.

"Na ce maki a sa kwaɗo. Tun bara nike ce maki."

"Ka bari sai mun gane ta, sannan ka kashe ni."

Murjanatu ta haye jirgin. Tana juyowa sai ga Jummai ta kutso cikin ruwa har gwiwa, ta rungumo bargon Inna da ta taho da shi ba ta ma san ta ɗauko ba. Matar da tun zuwanta garin ko wanki ba ta yarda ta yi a bakin tafki, don ta ce ita ruwan da ya wuce na rijiya ba ta san shi ba.

"Ke koma," in ji Sufyanu. "Iska na tahe."

"Ni na ɗaura mata kallabin," in ji Jummai, ta kama gefen jirgin ta mirgino ciki kamar buhu. Ta kwanta a ƙasa ta ƙanƙame katako, ba ta sake ɗaga kai ba.

Ba sai sun yi shawarar inda za su nufa ba. Ana kiran wurin Gungun Kirya ne saboda wata babbar kirya da ke ƙofar gidan kakansu. Kirya ba ta ruɓewa. Duk shekara in ruwa ya janye sai kututturenta ya leƙo, shi da na sauran itatuwan gungun, masunta suna kauce musu don suna fasa jirgi. Tun suna yara in suka wuce Malam yakan nuna musu da haɓa ya ce ga ƙofar gidan su Innarku.

Iskar ta iso su a tsakiyar hanya. Da farko ta shafi ruwan ya yi yamutsa-yamutsa, sannan ta buga da gaske. Igiyar ruwa ta soma marin jirgin a gefe, tana watso musu a fuska. Dole Sufyanu ya rage wuta, don sun shiga cikin kututture, wani a sarari, wani yana ɓoye ƙasa da taki ɗaya. Murjanatu ta durƙusa a gaba tana leƙe, duk baƙin abin da ta hango sai zuciyarta ta tsinke. Wani kututture ne. Wani tulin ciyawa ne. Wani jarka ce ta masu taru. Sau biyu cikin jirgin ya gogi itace, ya yi wata ƙara da ta sa Jummai salati daga inda take kwance.

"Ga ta can," in ji Sufyanu.

Murjanatu ta ga ja kafin ta ga mutum, jan kallabin. Inna Dudu tana zaune a miƙe cikin ɗan kwalekwalen, ta ɗaure shi tam a jikin kiryar da ɗaurin 'yan gungu. Kwalekwalen yana tashi yana faɗuwa, yana gwaruwa da itacen, ruwa ya kai mata idon sawu a ciki. A cinyarta ga 'yar ƙwarya da ta rufe da faifai, tsarabar ganin gida. Tana tafa hannu tana sallama, ta saurara, ta sake. Wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Gunganci, yaren da Murjanatu take tsintar rabi ta bar rabi.

Sufyanu ya kashe inji, ya ɗauki doguwar gorar tuƙi ya dinga dogarawa har suka matso. Tazarar da ta rage ba ta fi tsawon mutum ba, amma ruwa yana ɗaga jirage biyun ba lokaci ɗaya ba, wannan ya hau wancan ya sauka.

"Riƙe gorar," ya ce wa Murjanatu ƙasa-ƙasa. "In na samu hannunta sai in hizgo ta."

Ya miƙa jiki. Inna ta juyo ta ga ƙaton namiji baƙo yana kawo mata hannu a ƙofar gidan ubanta. Ta ajiye ƙwaryar, ta miƙe tsaye, ta ɗaga filafili. Kwalekwalen ya karkata, ya kamfaci ruwa, ya dawo da ƙyar.

"Kai wane ne? Ɗan gidan wa? Ka taɓa ni ka gani."

"Koma baya, Sufyanu, don Allah koma baya," in ji Murjanatu. Ta juya ga tsohuwar, muryarta tana karyewa. "Inna, ni ce, Murjanatu, ɗiyarki. Zamna, don girman Allah zamna. Babu gida nan, Inna. Ruwa ya ci shi tun kahin a haihe mu. Ba kowa ciki, duk sun rasu."

Sau nawa ta faɗa mata haka a tsakar gida, Inna ta yi kuka, can ta manta, a wuce wurin. Yau Inna ba ta yi kuka ba. Kallonta ta yi sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa mahaukaciya a kasuwa.

"Wagga yarinya ba ta da lahiya. Ga kirya, ga ƙohwa, tana ce mani babu gida." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Suna bayan ɗaki suna shanya albasa, shi ya sa ba su ji ba. Bari in shiga in dubo su."

Ta ɗaga ƙafa ta ɗora a kan gefen kwalekwalen.

Ruwan wurin ya shanye gorar Sufyanu saura kaɗan. Murjanatu ta ga ƙafar, busasshiya, da sauran lallen da ita da kanta ta sa mata, tana lilo a kan ruwa tana neman dandamalin ƙofa. Ta san in ta yi ihu Inna za ta razana ta faɗa. In Sufyanu ya yi tsalle kwalekwalen zai kife da su biyun. Ba ta san daga ina maganar ta zo mata ba. Ta dai ji bakinta ya buɗe, da wata murya mai sauƙi, irin ta 'yar aike.

"Amarya, Zaidu ya aiko mu."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa kama sunan mahaifinta haka tsirara ba, ba Malam ba Baba. Sai da harshenta ya yi nauyi. Sufyanu ya juyo ya zuba mata ido.

Ƙafar ta tsaya a sama.

"Yac ce ganin gida ya isa hakanan," Murjanatu ta ci gaba. "Ga hadari ya taso, ga shi tun sahe bai ci komi ba. Yac ce mu taho da ke yanzu, kada ruwa ya tare ki."

Inna Dudu ta mayar da ƙafarta ciki. Ta saki filafilin, ta ja gefen kallabi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai. Kunya ce, kunyar yarinyar da aka ambaci sunan mijinta a gaban mutane.

"Shi da ba ya iya kwana guda babu ni," ta ce cikin kallabin, har da 'yar dariya. "Ban ko gaisa da Innata ba."

"Mun gaishe ta a madadinki. Tac ce ki bi mu, kya dawo."

"To wanga ƙaton fa?"

"Mai jirgi ne, hayarshi anka yi. Ba shi taɓa ki. Ga 'yar rakiya nan, ita za ta kama ki."

Murjanatu ta taɓa Jummai da ƙafa. Jummai ta ɗago, fuskarta jiƙe da ruwa da hawaye, ta ga inda suke, ta kusa komawa. Amma ta rarrafo, ta kafa gwiwa, ta miƙa hannu biyu a kan ruwan da take tsoro kamar mutuwa. Inna ta san wannan fuskar, ita ce mai ɗaura kallabi. Ta ɗauki ƙwaryarta, ta zuba abin da ke ciki a gindin kiryar, goro ne da sabulu da ɗan kifi busasshe, ta ce a ba Innarta in ta fito. Sannan ta jira igiyar ruwa ta daidaita jiragen, ta tako cikin nasu da sauƙi kamar mai tsallake kwata. Su ukun ne suke rawar jiki, ita ko a jikinta.

Ruwan sama ya sauko kafin su fita daga cikin kututturen. Murjanatu da Jummai suka sa tsohuwar a tsakiya suka lulluɓe ta da bargo, Jummai tana kwarfar ruwa da ƙwaryar tsaraba da hannu ɗaya. Sufyanu yana tuƙi yana share fuska, ba wanda zai ce ga ruwan sama ga hawaye. Kwalekwalen maƙwabci suka bar shi ɗaure a jikin kirya, kafin su yi nisa ya cika ya nutse, igiyar kawai ta rage.

La'asar sakaliya ruwan ya tsagaita. An sauya wa Inna kaya, an shafa mata man zafi, ta sha kunu ta yi barci a ɗakinta. Murjanatu tana zaune a bakin ƙofar. Sufyanu ya fita, ya dawo ya ajiye wani abu a kan tabarma kusa da ita. Sabon kwaɗo ne, da makullansa a jiki.

"Yau Allah ya rufa muna asiri," ya ce. "Gobe ban sani ba. Ruwa bai dawowa sai kaka, kirya na nan tsaye tana kallonta."

Murjanatu ta dubi kwaɗon. Ta tuna kumburarrun hannuwa da warin ɗakin nan. Ta tuna ƙafa mai lalle tana lilo a kan ruwa. Ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro.

"Ɗauke shi," ta ce. "Gobe ka bi gida gida ka hwaɗa ma mutane gaskiya. Duk wanda ya gan ta ta nuhi ruwa ya tare ta. Su ce abin da za su ce a bakin famfo."

"In ranar kasuwa ce fa, gari ba kowa?"

Ya bar kwaɗon a inda yake ya tafi. Jummai ta matso ta tsuguna, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, in dai ba korata za ki yi ba, ki hwaɗa mani. In ta sake cewa za ta ganin gida, mi zan ce mata?"

Kafin Murjanatu ta buɗe baki suka ji motsi a ɗaki, ƙarar murfin akwati. Labule ya ɗaga. Inna Dudu ce, ta lalubo wani kallabin ta ɗaura da kanta a karkace, fuskarta fes, barci ya wanke mata duk abin da ya faru.

"Ku 'yan mata, ruwa ya ɗauke ko? Ina takalmana? Na daɗe ban je ganin gida ba."

Jummai ta dubi Murjanatu. Murjanatu ta dubi kwaɗon, sannan ta ɗaga kai. Malam Zaidu har ya koma ga Allah bai taɓa hana matarsa zuwa ko'ina ba. Mutanen gari har tsiya suke yi masa, wai Dudu ce mai gidan. In za ta unguwa shi yake kwance mata jirgi, ya tsaya a gaɓa har ta ɓace.

"Malam yac ce ba yau ba," in ji Murjanatu. "Bai ba ki izini ba."

Tsohuwar ta tsaya da labule a hannu. Hasken fuskarta ya dushe a hankali. Ba ta yi gardama ba, ba ta daki ƙyaure ba. Ta sulale ta zauna a dokin ƙofa, ta kwance kallabin, ta shimfiɗa shi a cinya tana ninkewa, gefe a kan gefe.

"To," ta ce. "Allah ya huci zuciyarshi."

Ta gama ninkin, ta shafe shi da tafin hannu. Can ta ɗago ta dubi Murjanatu, idanunta sun kawo ruwa.

"Yarinya, ke da kike ganinshi, bai hwaɗa maki laihin da na yi mashi ba?"